Madubin da Na Goge da Toka

Shekara talatin ke nan cif da rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa da rahama. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa a jarida zan fara ba. 'Yan Zangon Wagadugu na da, ɗan abin da ya rage a cikinsu, sun san shi da Malam Mai Tabarau. Ni Malam nake ce masa, kuma haka zan ci gaba a nan. Duk shekara idan ranar ta zagayo nakan sa a yi tuwo a raba, a yi masa addu'a, in shige ɗaki in yi shiru abina. Bana shirun ya ƙi yiwuwa. Akwai abin da na gano bara wanda ya tsaya mini a rai, mutumin da ya kamata in faɗa wa kuma ba ya nan. Shi ya sa na ce bari in faɗa muku, ko da yake na san ba ku da abin da za ku yi mini a kai.

Malam ɗan fataken goro ne. Kakansa da jakuna ya shigo garin nan, mahaifinsa kuma a jirgin ƙasa ya riƙa ɗauko kaya daga kudu. Shi kuwa tun yana saurayi, kafin a ba ƙasa mulkin kai, sai ya je ya maƙale a shagon wani Bature mai yin gilashin ido. Mahaifin ya yi faɗa har ya gaji, ya zuba masa ido. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu sai ya bar masa kayan wasa gilashi, wato na gurza shi, da wani littafin Faransanci da ya sha jiki. Da kayan ya buɗe rumfa a gefen babbar kasuwa, ya ci da mu, ya aurar da 'ya'ya. Littafin kuma shi ya jawo mana abin da ya jawo mana, domin a cikinsa aka bayyana yadda mutum zai yi madubin hangen taurari da hannunsa, tun daga farko har ƙarshe.

Ni a lokacin ina buga tafireta a wani ofishin gwamnati, shi ya sa ya raɗa mini Sakatariya, da sunan kuma ya kira ni har ya koma ga Allah. Bari in faɗi halina tun yanzu don kada a ce na ɓoye. Ni mace ce mai masifar tsabta. Ban iya ganin abu ya dushe in wuce ba. Tukwanena da kwanukan jerena da toka da yashi mai laushi nake goge su, har sai mutum ya ga fuskarsa a jiki. A unguwarmu idan uwa za ta yi wa 'yarta gori sai ta ce, je ki dubi gindin tukunyar matar Mai Tabarau. Ina jin daɗin wannan magana, ba zan yi ƙarya ba.

Wajen shekarun da aka canja wa ƙasa suna ne ya kama aikin gadan-gadan. Wani ɗan'uwansa da ke sana'a a bakin teku ya aiko masa da gilasai biyu masu kauri, kewayayyu, irin na tagar jirgin ruwa, kowanne faɗinsa ya kai na faranti. Ya kafa gangar ƙarfe a tsakiyar ɗakin da ke bayan zaure, ya cika ta da ƙasa don kada ta motsa. Ya ɗora gilashi ɗaya a kai, ya zuba garin wasa da ruwa, ya kifa ɗayan a sama. Daga nan sai turawa da jawowa, yana zagaya gangar taku-taku, ƙara tana tashi kamar ana niƙa a dutse. Garin wasan wajen makanikai yake samowa, ya jiƙa shi a kwalabe, ya bar mai kaushin ya kwanta, ya tsiyaye mai laushin ya ajiye don gaba. Wai a hankali gilashin sama zai lotsa ya yi ɗan zurfi, zurfin da ido ba ya gani sai an auna. Kullum bayan La'asar yake yi idan ya dawo daga kasuwa, ban da Juma'a.

Wata rana na gaji da ƙarar na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Malam, wai kai da idanu biyu lafiyayyu da rumfa cike da tabarau, me ya rage maka ba ka gani ba?"

Bai tsaya da aikin ba. Ya ce, "Sakatariya, idan ana ruwa, da me kike tara, da kofi ko da baho?"

Na ce da baho mana.

Ya ce, "To hasken taurari ma zubowa yake yi, sai dai yayyafi ne, kuma bakin ƙwayar idonki bai kai na kofi ba. Wannan gilashin shi ne bahona. Duk hasken da ya faɗo a kansa zai tattara shi wuri guda ya miƙo wa ido."

Ya ƙara da cewa shi ya sa dole zurfin ya zama daidai ko'ina. Idan wani wuri ya fi wani ko da abin da bai kai kaurin gashi ba, kowane ɓangare zai jefa haskensa inda ya ga dama, mai kallo ya tashi da dishi-dishi. Na ce masa Allah ya ba da sa'a, na koma madafi. A raina ina cewa wasu mazan caca suke yi, nawa dai gilashi yake niƙawa, da sauƙi.

Abin da yake so ya gani ɗaya ne, ya faɗa ya maimaita har yara suka haddace: Zuhal. Tauraron nan da malamai ke ambata, wanda littafin ya kawo hotonsa da zobe zagaye da shi, a karkace. Malam ya ce ya yarda akwai shi, amma yana so hasken da ya taso daga can ya faɗo a kan abin da ya yi da hannunsa ya shiga idonsa, ba hoton da wani ya buga a takarda ba. Abokan hirarsa na zaure ba su bar shi ya huta ba. Idan ya fito da hannu fari fat sai su ce, ga wanda ya gama da idanun mutane zai yi wa sama tabarau. Limamin unguwarmu ya ce masa duban halittar Allah ba laifi ba ne, amma kada ya ji an rasa shi a sahun Magariba. Ba a taɓa rasa shi ba kuwa.

Da aikin ya kai ga sulɓewa sai ƙarar ta ɗauke. Ya koma goga da kwalta da wani jan gari da yake karɓowa wajen maƙeran zinariya, ya kuma sa wa ɗakin kwado. Ya ce ƙura ce ba ya so. Ni kuwa sai na ɗauki abin da zafi. A gidana, ni, a ce ana tsoron ƙura? Na yi fushi na daina leƙawa, na daina tambaya. Da na sauke girman kai na tambaya ko sau ɗaya, da yau ba wannan labarin nake ba ku ba.

A shekara ta bakwai ne ya fara tuntuɓe da abin da ke gefensa. Ya buge buta, ya buge kujera, sau ɗaya har mai ƙaramin babur ɗin nan mobilet ya kusa kwashe shi a bakin kasuwa. Likita ya ce ruwan cikin ido ne ke hawa, yana cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya. Magani zai rage masa gudu, amma abin da ya tafi ya tafi. Mutumin da ya gyara wa rabin Zango gani, nasa ya gagare shi. Bai yi raki ba. Abin da ya ce kawai shi ne yanzu aikin na gaggawa ne, ya ƙara da safiya a kan yammar da yake yi. Kowa a gidan ya san tsere ake yi tsakanin madubin da idonsa.

Ya kuwa ci tseren, ko in ce ya kusa. A shekara ta takwas ya gama, ya shafa masa azurfa, ya kira ni da kansa ya buɗe mini ƙofa. Na leƙa na ga fuskata ta yi girma har na ja baya. Yana dariya kamar yaro. Saura kawai bututun da maƙerin kwano zai naɗa masa da katakon da zai riƙe shi. Kafin a gama waɗannan damina ta sauka, hadari ya rufe sama. Ya ce ba komai, ruwa na ɗaukewa za a gani. Ana cikin haka yayansa ya rasu a garin Bobo. Ya tafi ta'aziyya, hidimar iyali ta riƙe shi har addu'ar arba'in. Da zai tafi ya miƙo mini makullin ɗakin, karo na farko, ya ce in riƙa dubawa ko rufi yana yoyo.

Na shiga duba yoyo, na ɗaga ƙyallen da ya rufe madubin. Danshi da hayaƙin madafi sun taɓa azurfar, ta yi ruwan ƙasa da ɗige-ɗige baƙi. Na tausaya masa. Mutum ya yi shekara takwas yana aiki, ya dawo daga makoki ya tarar da wannan? Ban san cewa madubin taurari ba kamar na ɗaki ba ne, azurfarsa a fuska take, ba a baya ba. Ban san cewa dushewar ba komai ba ce, da wani ruwa yake wanke ta ya shafa sabuwa a safiya ɗaya. Abin da na sani shi ne da idona na ga yana gurzar gilashin nan da gari mai kaushi shekara da shekaru, bai yi masa komai ba. To me toka za ta yi masa? Na ɗauko shi na kai bakin rijiya, na ɗebo toka da yashin tukunya da soso, na zauna na yi masa irin gugar da ake yabona a kanta. Baƙi yana fita, ina murna datti ne. Ban tashi ba sai da ya fita tas. Da na ɗauraye ya bushe, na leƙa, ban ga fuskata ba. Gilashin ya yi fari, ya yi hazo, zane ko'ina. A nan na gane na yi ɓarna.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina jiran dawowarsa, ban san ɗanɗanon abinci ba. Da ya iso ban bari ya huta ba, na kawo na ajiye a gabansa. Ya ɗauka ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya karkata shi, ya bi fuskar da babban yatsa a hankali.

Ya ce, "Da me?"

Na ce, "Toka da yashi."

"Wane yashin?"

"Na tukunya."

Ya gyaɗa kai, ya mayar da ƙyallen ya rufe, ya ɗauki buta ya tafi masallaci. Shi ke nan. Wallahi da zagina ya yi, da ma takardata ya ba ni, da ya fi mini sauƙi. Har ya mutu bai sake ɗaga maganar ba, bai kuma bari wani ya ɗaga ba. Bayan kwana biyu na ji ƙarar niƙa ta dawo a ɗakin bayan zaure.

Niƙan bai gagare shi ba, hannunsa ya san hanya. Inda gizon yake shi ne awo, domin awon da ido ake yi. Da rana tsaka za a rufe taga da bargo ɗakin ya yi duhu, a sa fitila cikin gwangwani mai huji ɗaya na allura, a kafa reza kusa da ita. Mai awo ya sa ido a bayan rezar yana kallon madubin daga nesa, yana matsar da ita a hankali. Inuwar da za ta bayyana a fuskar madubin ita ke nuna inda ya yi tudu da inda ya yi kwari. A lokacin ganin Malam ya koma kamar na mai leƙe ta cikin kara, shi ma ɗan abin da ya rage yana dushewa. Ni na riga na bar aiki, sai na zama idonsa. Zai tsaya a bayana ya ce, "Ina ne ya fara yin duhu, tsakiya ko baki?" Ni kuwa wasu abubuwa toka-toka nake gani suna yawo. In ce tsakiya, ya yi mako guda yana goga a kan maganata. A sake awo in ce baki. A ba ni takarda in tsamo kuskuren harafi ɗaya cikin shafi, wannan na iya, amma inuwa ba ta da harafi. Na roƙe shi muka kira wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya zo ya duba ya ce shi ma a littafi kawai ya taɓa karantawa. Abin da ya kamata in riƙa faɗa shi ne ban sani ba, amma bakina ya kasa. Ni na ɓata, ina zan samu fuskar cewa ban iya gyara ba? Haka muka yi shekara uku, makaho yana goga, mai ido tana cinta.

Wata rana ya ce ya isa haka. Ya faɗa mini yadda zan haɗa ruwan azurfar, na haɗa na shafa. Aka sa madubin a gindin bututu. Bayan ɗaukewar ruwa, wani dare da aka idar da Isha'i, muka fitar da shi tsakar gida. Malam a lokacin fitila kawai yake bambancewa da duhu. Ya zauna a tabarma ya ce in dubi sama da hasumiyar masallaci, zan ga wani tauraro mai ɗan rawaya wanda ba ya ƙyaftawa kamar sauran. Na sha wuya kafin na shigar da shi cikin bututun. Da na sa ido, abin da na gani wani dunƙule ne mai hazo, kamar maiƙo a kan miya, da 'yar jela a gefe. Na tura ɗan gilashin da ake leƙawa ta cikinsa ciki, na jawo shi waje, yadda ya koya mini. Babu zobe, babu ma tauraro sosai. Madubin bai yi ba.

Ya ce, "Me kika gani?"

Na dube shi zaune ya ɗago fuska sama, shekara goma sha ɗaya na aikinsa a hannuna. Na ce, "Malam, ga shi nan. Ga zoben."

"Yaya yake?"

Na kwatanta masa hoton littafin, wanda na gani sau ba adadi. Na ce a karkace yake, da ɗan duhu tsakaninsa da tauraron.

Ya ce, "A buɗe yake sosai?"

Na ce, "Sosai."

Ya ce, "To alhamdu lillahi. Ashe mun gama, Sakatariya. Kada ki yi sauri, ki kalla har da nawa."

Na ci gaba da kallon maiƙon nan hawaye na zuba, shi yana tasbihi a tabarma. Shekara talatin ba kaɗan na riƙe wannan ƙarya a matsayin alheri ɗaya da na yi masa bayan ɓarnar. Ko istigfarin da nake yi a kanta sama-sama ne, don a ganina ko a lahira za a gane dalili.

Duniyar da ya bari ba ita ce yanzu ba. Kasuwar da rumfarsa take ta ƙone an sake gina ta. Zangon da muka zauna katafila ta bi ta kansa, aka kwashe mu aka kai bayan gari. A wannan kwasar bututun ya ɓata, madubin kawai na tsira da shi a naɗe cikin zane. Na taɓa sa an bi da ni ta wurin da gidanmu yake, ban gane ko kusurwa ɗaya ba, benaye ne da fitilu masu kashe ido. Da Malam zai tsaya a nan yau ya ce a dubi sama da hasumiya, babu hasumiyar, kuma hasken kuran, wato lantarki, ya haɗiye taurarin. Jikata Nafisa, wadda ke karatun kimiyya a jami'a, takan nuna mini hotuna a waya. Wai yanzu an harba madubai can sama inda babu hadari babu ƙura, wani ma da zinariya aka shafe shi, yana tara irin hasken da idon ɗan'adam ba ya gani, daga wuraren da haskensu ya taso tun ba a yi duniyar nan ba. Nakan yi tunanin abin da zai ce. Na san ba zai tsaya a kan kyan hoton ba. Zai tambaya wa ya niƙa madubin, shekara nawa ya yi, da me ya auna. Bahon dai shi ne, girma ya ƙara. Ina jin zai yi murna ƙwarai, sannan ya ce a karanta masa bayanin sau biyu.

Bara bayan damina Nafisa ta zo ta ce ɗalibai za su kafa madubin hange a wani filin ƙwallo kusa da unguwar Zogona bayan Magariba, kuma Zuhal za a duba. Na ce ba ni zuwa. Ta ce, "Haba Kaka, ke da kika riga kowa gani, ai ke ce babbar baƙuwa." Duk zuri'armu da wannan labarin suka tashi. Ta matsa har na shiga tasi. An yi mini aikin yana a ido ɗaya, da shi na leƙa. Sai ga shi tar, kewayayye kamar dutsen ado, da wani siririn layi da ya ratsa shi kamar an soke shi da allura. Na ɗago na tambayi mai kula da madubin, wani ɗalibi Bamoshe mai ladabi da ke kirana Yaaba, wato kaka da yarensu, na ce ina zoben.

Ya ce, "Layin nan shi ne zoben, Yaaba. Kin zo a shekarar da ya juya mana gefe."

Ya ari faranti wajen mai sayar da gyaɗa, ya karkata shi na ga faɗinsa, sannan ya miƙar da shi daidai idona har ya koma layi ɗaya. Ya ce haka Zuhal yake yi a zagayensa, zoben ya buɗe a hankali, ya rufe a hankali, duk bayan shekara goma sha biyar ko kusa da haka sai ya ba mu gefe.

Ni da na yi aikin ofis ba sai an koya mini lissafin goma sha biyar sau biyu ba. Na ce, "Shekara talatin baya fa?"

Ya ce, "Kamar yau ɗin nan yake, Yaaba. Da ƙaramin madubi ma wataƙila ƙwallon kawai za a gani."

Na ce, "Wanda ya karanta littafin abin zai sani tun kafin lokacin?"

Ya ce ai lissafi ne, duk mai son Zuhal shi yake fara sani.

Na nemi wuri na zauna. Nafisa ta ɗauka jiri ne, ta tafi nemo ruwa.

Ashe ya sani. Tun ranar da ya bi gilashin da yatsa a bakin ƙofa ya san cewa kafin a sake gamawa zoben ya rufe, ko da idon ya jira shi. Duk da haka ya koma niƙa, kuma yanzu ina zargin don ni ya koma, don kada in zauna da abin da na yi ba hanyar gyara. A daren nan amsar da yake jira ita ce ƙwallo da zare a tsakiya. Da ita na ba shi, da ya san madubinsa ya yi. Da na ce maiƙo na gani, da ya san bai yi ba, amma matarsa ta faɗa masa gaskiya. Sai na ba shi hoton littafi. Har ƙofa ya buɗe mini da ya ce a buɗe yake sosai, na sa ƙafa na rufe ta. A cikin numfashi ɗaya ya ji cewa aikin shekara goma sha ɗaya ya tashi a banza, kuma idon da ya dogara da shi shekara uku yana iya faɗin abin da bai gani ba. Abin da ya fito daga bakinsa bayan wannan shi ne alhamdu lillahi.

Na juya abin nan dare da rana ban samu inda zan ajiye shi ba. Nafisa ta ce in kawo madubin, akwai masu injin da za su gyara shi cikin mako guda. A gyara wa wa? Na je wajen malami, ya ce in yawaita yi masa addu'a da sadaka, ina kuwa yi. Amma gafarar da nake nema ba ta da wurin zuwa, domin mai ita ya riga ya ba ni tun ban san ina bukata ba, ya kuma ɓoye mini don kada in ji kunyar karɓa. Idan aka ce me ya rage na Malam, gida babu, rumfa babu, sana'ar babu wanda ya gada, madubin kuma ko fuska ba ya nunawa daidai. Abin da ya rage shi ne wannan halin, ni kaɗai ce shaidarsa, kuma sai da na yi shekara talatin kafin na gan shi.

Wata bakwai ya yi a duniya bayan daren nan. Masu zuwa dubiya ba sa yankewa a zaure, har da abokan da suka yi ta zolayarsa. Duk wanda ya tambayi labarin madubi sai Malam ya ɗaga murya ya ce, "A kira mini Sakatariya, ita ta gani." In fito in tsaya a bakin ƙofa, in gyara mayafi, in kwatanta musu zoben, yadda ya karkata da ɗan duhun da ke tsakani, har da ƙari idan na ga suna jin daɗi. Shi kuma yana jingine da bango, fuskarsa tana wajena, yana gyaɗa kai yana cewa, "Haka ne, haka ne."